Numfashin Motar Milorad

Shekara shida tana kwance a rumfar masara
bayan gidanmu, a wani ƙauye gefen Sombor,
tun ranar da babana Milorad ya rataye makullin
ya ce sai ƙirjinsa ya yi sauƙi.

Da na yaye tamfol, a durƙushe na same ta,
ciki ya kusa shafar siminti,
tayoyi sun shige jiki
kamar kunkuru ya ji motsi.
Guminsa ce na shekara ashirin da biyu a Jamus,
motar da ba ƙarfe ke riƙe da ita ba,
iska ce kawai, a jakunkunan roba huɗu.

Pišta makanike ya turo sabon batir a baro.
Ya haura saba'in, kunnensa na dama ya mutu.
Muka murɗa makulli. Ta yi tari, ta ƙara, ta kama.
Can ƙasa famfon iska ya hau gurnani,
gaba ya ɗaga, baya ya biyo da ƙyar,
irin tashin tsoho, hannu a gwiwa.
Na fara murna.
Ya ce, "Gordana, tukuna.
Tashi ba wuya, daɗewa a tsaye ce magana."

Ya fito da tef ɗin awo da guntun alli.
Daga ƙasa zuwa saman kowace taya
ya auna, ya rubuta a bango:
saba'in da ɗaya, saba'in da ɗaya, saba'in, saba'in.
Ya zare fis guda ya jefa a aljihu
don kada ta gyara tsayuwarta cikin dare
ta ɓoye mana ciwon.
"Ta iya wannan," in ji shi. "Mai ita ma ya iya."

Kafin shamuwar kan rufinmu ta fara kaɗa baki
na fita da tocila.
Ƙafa uku suna nan yadda muka bar su.
Ta hagu a baya ta sauka yatsa huɗu,
motar ta karkace kamar mai sauraron sirri.

Ruwan sabulu muka haɗa
a robar da mamana ke fesa wa furanninta.
Ya fesa a mahaɗar bututu: shiru.
Ya fesa a akwatin bawul: shiru.
Ya ce, "Kwanta nan, yau ke ce kunnena."
Na kwanta, sanyin siminti yana cin kafaɗata,
na riƙe numfashina don in ji nata.

Sai ga shi.
Siririn huci, bai kai na sauro ba.
Na san sautin nan.
Wata goma sha ɗaya na kwana kusa da shi
a ɗakin da tukunyar iska ke tsaye gefen gado.

Muka sa jak, taya ta yi lilo,
robar ta miƙe, naɗin ya buɗe.
Nan inda ta shekara shida a lanƙwashe
duk ta tsage, faso kan faso.
Ya fesa. Kumfa ta tsiro,
ƙanana, ƙanana, sannan wata babba
da ta ɗauki hoton ƙofar rumfa kafin ta fashe.

Ina cewa an gama, sai ya zura hannu bayan tanki,
ya kwaso ɓawon gyaɗar bishiya cike da tafi,
ya janyo bututu da shaidar haƙorin ɓera.
"Rami ba ya zuwa shi kaɗai," ya ce, yana dariya.

Ya goge hannu a wando.
"Ba hanya ce ta ci ta ba, zama ne.
Biyu za ki saya, ba a canza ƙafa ɗaya,
kuma kuɗin zai kusa kai kuɗin motar."
Na ce ya yi odar daga Novi Sad.
Bai tambaye ni dalili ba.

Sai ranar Alhamis za su iso.
Mun tokare ta da guntun katako.
Fis ɗin har yanzu yana aljihun Pišta,
ya manta, ni ma ban tuna masa ba.